Ruwan Zafi a Gidan da Babu Bututun Gas: Lissafin da Ya Kamata Maigida Ya Yi Kafin Hunturu

Duk shekara, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen watan Nuwamba, akwai wani aiki da ke ƙaruwa a gidajenmu wanda ba ya cikin kasafin kowa. Tun kafin kiran assalatu uwargida ko 'yarta za ta fita tsakar gida ta hura wuta, ta ɗora tukunya, domin maigida ya samu ruwan alwala, yara su yi wanka kafin tafiya makaranta, tsohuwa ta samu na gasa gwiwa. A Kano da Katsina da Zariya sanyin dare kan sauko ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyos cikin Disamba da Janairu, a Jos kuwa wasu dararen har ƙasa da digiri 10. Ruwan da ya kwana a randa ko a tankin sama a irin wannan lokaci ba mai taɓa shi da daɗin rai.

Saboda aikin ya faɗa hannun mata, kuma ana yin sa ne a lokacin da sauran mutanen gida ke barci, ba kasafai maigida ke zama ya lissafa abin da yake ci ba. Za ka ga mutum ya gina gida na miliyoyin Naira, ya shimfiɗa tayil har banɗaki, ya sayo ƙofofin Turkiyya, amma bai ware ko taƙi ɗaya na bango domin ruwan zafi ba. Idan sanyi ya zo sai a koma ga duwatsun murhu, ko a tsoma ƙarfen hita a bokiti. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, ga mafi yawan gidajen Arewa, rana ce ya kamata ta zama uwar tukunyar ruwan zafi, gas ko lantarki su zama masu tallafa mata, itace kuma ya koma na ƙarshe. Zan kawo lissafin da ya kai ni ga wannan ra'ayi domin mai karatu ya auna da gidansa.

Ba za mu jira bututu ba

A Ingila fiye da gida takwas cikin goma suna samun gas ta bututun da ke bi ƙarƙashin titi, kamar yadda ruwan famfo ke zuwa. Can, wanda gidansa ba ya kan wannan layi shi ne bare, shi ne kuma ke neman shawarar yadda zai yi da ruwan wanka. Mu a nan dukkanmu ne a bayan layi. Najeriya na da arzikin gas da ya haura ƙafa tiriliyan 200, kuma a watan Yunin 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614. Sai dai an tsara wannan bututu ne domin tashoshin lantarki da masana'antu. Raba gas gida-gida a lungunan Fagge ko Tudun Wada aiki ne dabam, mai bukatar tsarin titi da taswira da kuɗi. Wanda ke gini yau ya yi lissafinsa a kan cewa babu bututun da zai ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Abin da ya rage mana hanyoyi huɗu ne: itace da gawayi, gas na tukunya, wutar lantarki, da zafin rana.

A fara da ƙirga bokiti

Kafin a tambayi mai shago farashin kowace na'ura, a san yawan ruwan da gida ke bukata da lokacin da ake bukatarsa. Ilmin kimiyya ya sauƙaƙa mana wannan. Domin a ƙara wa lita ɗaya ta ruwa zafin digiri ɗaya, ana bukatar kimanin wat-awa 1.16 na makamashi. Bokitin wanka mai lita 20, idan za a ɗaga shi daga digiri 18 zuwa digiri 40, wato ɗumin da jiki ke jin daɗinsa, zai ci kusan rabin yunit ɗaya na mita. Wannan adadi, rabin yunit ga kowane bokiti, shi ne mudun da za mu auna komai da shi.

Gida mai mutum takwas, kowa bokiti ɗaya, yunit huɗu ke nan a rana. Idan aka haɗa da ruwan alwala da na wanke-wanke, a ce biyar. Ko da itace aka dafa, ko da gas, ko da rana, ruwan ba zai yi rangwame ba; yunit biyar ɗin nan sai sun shiga cikinsa. Bambancin hanyoyin yana wajen abin da ke salwanta kafin zafin ya isa ruwa, da kuɗin da ake biya, da haɗarin da ake ɗauka.

Sai batun lokaci. Mu da asuba muka fi bukatar ruwan zafi, lokacin da rana ba ta fito ba, kuma babu tabbacin akwai wuta. Don haka duk tsarin da ba zai iya riƙe zafi daga jiya zuwa yau ba, ko ya samar da shi nan take ba tare da dogaro da wutar gari ba, bai dace da mu ba, komai kyansa a hoton talla.

Itace da gawayi

Kilo ɗaya na busasshen itace yana ɗauke da makamashin da ya kai yunit huɗu da 'yan kai. Amma murhun duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kaɗai yake isarwa ga tukunya, sauran iska ke kwashewa. Ma'ana, kusan kilo guda na itace ke tafiya a kan kowane bokiti. Gidan mutum takwas zai ƙone kilo takwas zuwa goma a kullum a kan ruwa kawai, ban da girki.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne wankan jego. A ɗauka tukunyar mai jego lita 50 ce, ana tafasa ta safe da yamma har kwana arba'in. Kowace tafasa za ta ci kilo bakwai zuwa goma sha ɗaya a murhun gargajiya. A tafasa 80, itacen ya haura rabin tan. Duk magidancin da ya taɓa sayen itacen biƙi ya san nauyinsa a aljihu, dajin Falgore da na Kamuku kuma sun san nauyinsa a jikinsu. Jihohi 11 na Arewa suna cikin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, amma muna dasa tsiro da hannun dama muna sare babbar bishiya da na hagu.

Hayaƙin ma ba a banza yake tafiya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida daga girki da itace da gawayi da makamantansu ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙa. Gawayi ya fi itace tsafta a ido, shi ya sa ya fi yaudara. Kurfotin da aka shigar ɗaki aka rufe ƙofa da taga yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, mutum ya fara da ciwon kai da kasala, ya yi barcin da ba zai farka ba. Kowane hunturu sai mun ji labarin iyalin da aka wayi gari an rasa ta wannan hanya.

Wanda ba shi da zaɓi sai itace, to ya canza murhu. Murhun zamani mai killace wuta, irin Save80 wanda masu ƙera shi suka sa masa sunan saboda yawan itacen da suka ce yana ragewa, ko ma na yumɓu da aka gina da kyau, zai rage abin da ake ƙonewa ƙwarai. Rufe tukunya da murfi da kare wuta daga iska ma kaɗai suna da tasiri, kuma ba sa cin ko sisi.

Gas na tukunya

Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da kusan yunit 13. Kan murhun gas kimanin rabi ne ke shiga ruwa, saboda haka kilo guda zai ɗumama bokiti 12 ko 13, tukunya mai kilo 12.5 kuma bokiti 150 zuwa 160. Gidan mutum takwas zai ƙarar da ita cikin kwana 20 idan ruwan wanka kawai aka dafa. Daga nan akwai wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: idan kuɗin kilo ɗaya na gas bai kai kuɗin yunit shida na lantarki ba, gas ya fi araha wajen dafa ruwa, idan ya zarce, lantarki ta fi. Mai karatu ya duba rasit ɗin mitarsa da farashin gidan gas na unguwarsu ya yanke hukunci.

Falalar gas ita ce biyayya. Ƙarfe huɗu na asuba ka kunna, ya kama, ba ruwansa da hazo ko ɗaukewar wuta. Illarsa kuwa farashi, wanda ke bin Dala da kuɗin dakon tanka daga Kudu, da kuma haɗari idan an yi sakaci. Akwai na'urar da ake kafawa a bango mai ɗumama ruwa da gas yayin da yake wucewa, kuma ta fi murhu tattali. Amma kada a kuskura a kafa ta cikin banɗaki. Wutar da ke ci a rufaffen wuri tana cinye iskar numfashi ta haifar da wannan guba da muka ambata a kan gawayi. Wajenta waje ne, ko wuri mai iska da bututun hayaƙi da ya fita sarari, tukunyar gas ɗin kuma a tsaye a inuwa, nesa da wuta, ana duba tiyo da ruwan sabulu lokaci-lokaci.

Lantarki

A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin yunit ga masu rukunin A zuwa Naira 225, daga baya ya daidaita a Naira 209.50 a watan Yuli na shekarar. A wannan farashi, yunit biyar a rana sun haura Naira 1,000, a wata kuma sun haura Naira 31,000, wato kusan rabin mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Waɗanda ke sauran rukunai suna biyan ƙasa da haka, sai dai su kuma wutar ce ba ta zama. Mun kuma ga abin da ya faru a watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta jefa jihohi da dama cikin duhu kwana da kwanaki.

Na'urorin lantarki iri uku ne a kasuwa. Na farko ƙarfen hita da ake tsomawa a bokiti. Shi ya fi araha, shi ya fi kisa. Da zarar rufinsa ya tsage, ruwan bokitin gaba ɗaya ya zama waya, kuma yaron da ya sa hannu domin ya ji ko ya yi ɗumi, ƙafarsa a jiƙaƙƙen siminti, ba lallai ya samu damar ihu ba. Wanda dole ta sa yake amfani da shi, ya zare shi daga soket kafin kowa ya taɓa ruwan, kada a bar shi ga yara, kada a kunna a tafi barci.

Na biyu ita ce mai ɗumama ruwa nan take a kan shawa. Lissafi ya nuna dalilin da ya sa take ba mutane kunya. Domin ta ɗaga lita shida a minti ɗaya da digiri 22, tana bukatar kilowat tara, wato kusan amfiya 40. Wayar mafi yawan gidajenmu ba ta da wannan kauri, wutar unguwa kuma sau da yawa ba ta cika ƙarfi ba. Ƙaramin janaretan Tiger bai kai kilowat ɗaya ba, balle ya ɗauke ta.

Na uku ita ce hita mai tanki. Mai lita 50 da ƙarfin kilowat ɗaya da rabi za ta kai ruwa digiri 60 cikin kimanin awa ɗaya da rabi, idan aka sirka kuma za a samu kusan bokiti biyar. Amfaninta shi ne tana riƙe zafi bayan an ɗauke wuta, don haka wutar da aka kawo da tsakar dare za ta yi wankan asuba. Sharuɗɗanta uku ne, kuma babu wanda ake sassautawa: wayar ƙasa da aka binne da kyau, makunnin tsaro mai yanke wuta da kansa da zarar ta fara zurarewa, da bawul mai sakin matsi. Wasu masu gyara kan toshe wannan bawul idan suka ga yana ɗiga. Tankin da aka toshe wa bawul, ma'aunin zafinsa kuma ya lalace, bam ne rataye a bango.

Ga masu sola a gida, kada a haɗa hita da inbata. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da yunit 2.4 a rubuce, kuma idan na dalma ne rabin wannan kaɗai ya kamata a sha domin ya yi ƙarko. Bokiti biyu ke nan da ɗan ƙari, a kan batir na dubban ɗaruruwan Naira. Akwai kuma na'urar da ke aiki kamar firiji a juye, tana zuƙo zafi daga iska ta zuba a ruwa, yunit ɗaya ya yi aikin uku. Tana da kyau ga otal da asibiti masu tsayayyar wuta, amma tsadarta da ƙarancin masu gyaranta sun sa ba ta zama ta gidan kowa ba tukuna.

Rana

Kowace murabba'in mita ta ƙasar Arewa tana karɓar makamashin rana da ya kai yunit biyar da rabi zuwa shida a yini, a matsakaicin lissafin shekara. Farantin sola mai samar da lantarki kimanin kashi 20 cikin 100 na wannan yake kamawa. Na'urar ɗumama ruwa da rana kuwa, da yake zafin take kamawa kai tsaye, tana riƙe kusan rabi. Faranti mai murabba'in mita biyu zai tara kimanin yunit biyar da rabi a yini, abin da zai ɗaga lita 150 daga digiri 20 zuwa kusan 50. Wannan shi ne bukatar gidan mutum takwas da muka lissafa tun farko. Domin a bar sarari ga ranakun hazo, gida irin wannan ya nemi tanki mai lita 200 da farantin da ya dace da shi.

Yadda take aiki ba shi da sarƙaƙiya. Ruwa mai zafi ya fi mai sanyi rashin nauyi, saboda haka wanda rana ta ɗumama a cikin baƙin faranti ko bututan gilashi yana hawa da kansa zuwa tankin da ke sama, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Haka zai yi ta kewayawa har faɗuwar rana, babu inji babu waya. Tankin yana lulluɓe da soso mai kauri, sai ya kwana da zafinsa, ya rasa 'yan digiri kaɗan kafin asuba. A taƙaice, ruwan da kansa ne batir, kuma babu batir mai arahar ruwa.

Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A Yamai, Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar birnin ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci ofishin makamashin rana na Nijar tun daga ƙarshen shekarun 1960, inda aka ƙera irin waɗannan na'urori aka kafa a gidaje da ma'aikatu. A Sakkwato, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana ƙera su. A waje kuma, Isra'ila ta wajabta su a sababbin gidaje tun 1980, a Kubrus kusan kowane rufi yana da ita, wanda ya je Turkiyya ko Sin ya gan su jere a saman benaye. Mafi yawan waɗannan ƙasashe ba su kai mu rana ba.

Abin da mai sayarwa ba zai faɗa ba

Araha ba ta ado, tsada kuma ba ta tabbatar da inganci, don haka ga abubuwan dubawa. Na ɗaya, ƙura. Lokacin da muka fi son ruwan zafi shi ne lokacin da hazo ke rage hasken rana, ƙura kuma ke kwanciya a gilashi. Sai an riƙa gogewa duk kwana biyu ko uku, da sassafe ko da yamma, kuma a ajiye gas ko hita domin ranakun da rana ba ta fito sosai ba, har da marka ta watan Agusta.

Na biyu, nauyi. Lita 200 kilo 200 ne, ban da ƙarfe da gilashi. Rufin kwano ko na azara ba zai ɗauka ba. A yi mata dakali ko ƙafafun ƙarfe, kuma tankin ruwan gida ya fi ta tsawo domin ruwa ya gangaro mata. Na uku, fuska. A Disamba rana tana karkata kudu, saboda haka farantin ya fuskanci kudu, a jingine shi kamar digiri 20 zuwa 30, inda inuwar bishiya ko bene ba ta faɗa masa. Wannan jinginar tana ƙara kamu a hunturu, tana kuma rage shi a bazara lokacin da rana ke tsakar ka.

Na huɗu, bututu. Farin fayif ɗin roba na ruwan sanyi yana laushi ya fashe a ruwan zafi. A sa koren fayif mai jure zafi ko na tagulla, a naɗe shi da soso, a kuma taƙaita nisa tsakanin tanki da banɗaki. Na biyar, ruwan rijiyar burtsatse a wasu wurare yana da gishirin da ke daskarewa ya toshe bututu, don haka a riƙa wanke tanki duk shekara. Na shida, idan mai bututan gilashi ce kuma ruwa ya ƙare a cikinta da rana tsaka, kada a sako mata ruwan sanyi sai dare, domin gilashin zai tarwatse. A bazara kuma a rufe rabin farantin da buhu kada ruwa ya tafasa.

Sai gaskiyar da ta fi kowace ɗaci: kuɗin farko yana da yawa, kuma gidan da wata uku kaɗai yake dafa ruwa a shekara zai daɗe bai mayar da kuɗinsa ba. Maigida ya tara abin da yake kashewa a shekara a kan ruwan zafi, ya raba kuɗin na'urar da shi, ya ga shekara nawa za ta ɗauka. Na'ura mai kyau da ake kula da ita tana kai shekara 15 ko fiye. Ga babban gida mai yara da tsofaffi da haihuwa a kai a kai, ga mazauna Jos da Mambila, ga makarantun kwana da asibitoci, lissafin yana fitowa da wuri. Ko a wankan jego, idan aka fara da ruwan da rana ta kai digiri 55 maimakon 20, an rage kusan rabin itacen.

Mai haya da mai ƙaramin ƙarfi

Wanda ke haya ba zai huda bangon wani ba, wanda ke neman na cefane kuma ba ya maganar tanki. Su ma rana ba ta yi musu rowa ba. Baƙar jarka da aka cika aka ajiye a rana tun hantsi, a kan katako, a wurin da iska ba ta bugu, za ta yi ɗumin da ya isa wankan yamma. Idan aka sa ta a akwati mai baƙin ciki aka rufe da gilashi, zafin zai ƙaru sosai. Domin ta kai asuba, a juye ruwan a babbar kula, ko a nutsa jarkar a kwali da aka cika da dusar katako ko buntun shinkafa. Matanmu sun daɗe suna yin haka da filas domin ruwan jariri; faɗaɗa dabarar kawai ake bukata. Ko ruwan bai kai yadda ake so ba, ɗan abin da za a ƙara a gas kaɗan ne. Mayar da wankan yara zuwa bayan la'asar a watannin sanyi ma tattali ne.

Zafin da ya dace

Kowace hanya aka bi, akwai ma'auni biyu da za a kiyaye. A cikin tanki, ya kamata ruwa ya riƙa kaiwa digiri 60, domin ƙwayar cutar lijiyonela mai haddasa ciwon huhu tana hayayyafa a ruwan da ya daɗe tsakanin digiri 20 da 45. A jiki kuwa, ruwa mai digiri 60 yana ƙona fatar babba cikin daƙiƙu kaɗan, ta yaro kuma ta fi saurin salɓewa. Maganin wannan shi ne bawul mai sirka ruwa kafin ya fito famfo. A gidan da ake ɗiba da bokiti, a fara zuba mai sanyi sannan a ƙara mai zafi, kada kuma a ratsa tsakar gida da tafasasshiyar tukunya yara suna wasa.

Game da mai jego, tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka yi rubutu a kan yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a Zariya, suka danganta shi da wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan a Kano ya jawo hankali ga wasu dalilan, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Ko ma wanne ya fi rinjaye, babu likitan da ya ce sai ruwa ya ƙona fata yake amfani. Ɗumi mai kyau ya wadatar, kuma mai hawan jini ta nemi shawarar asibiti.

Abin da ya rage ga hukuma da masana

Faranti mai baƙin ƙarfe da bututun tagulla da gilashi ba ya gagarar maƙeran Panteka a Kaduna ko na Kano. Abin da suke bukata shi ne zane mai inganci, da horo daga jami'o'i da kwalejojin fasaha, da wurin gwaji da zai ba da shaidar inganci domin mai saye ya amince. Mu malaman jami'a ma da hakki a kanmu, domin na'urori da yawa da ɗalibai ke ƙerawa a aikin kammala digiri suna ƙarewa ne a ɗakin ajiya. Gwamnatocin jihohi su fara da gidansu: ɗakunan haihuwa da makarantun kwana da tsangayu, inda ake ƙone itace tirela-tirela. Hukumomin tsara birane kuma su nemi a nuna layin ruwan zafi da mazaunin tanki a taswirar manyan gine-gine. A yi hattara da tilastawa ba tare da tallafi ba. Kenya ta kafa irin wannan doka a 2012, amma majalisar ƙasar ta soke ta a 2018. Bashi mai sauƙi ta ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata, wanda za a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan daga albashi, zai fi tara tasiri.

Ga maigida kuwa, tun ran gini ran zane. Mai gini ya sa fayif biyu a bango tun kafin a yi filasta, ya bar wa tanki mazauni ko da ba yau zai saya ba, domin fasa tayil daga baya ya fi fayif tsada. Wanda ya riga ya gina ya zauna da uwargida, wadda ta fi kowa sanin bokiti nawa ake dafawa da abin da ake ƙonewa, su yi lissafin tare tun kaka ba ta wuce ba, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya kai mu hunturu lafiya, Ya kare mana iyali daga wuta da hayaƙi.